Tambayi Kawu: But da safa sun dace da kilt?

Tambaya: Assalamu alaikum Kawu. Ina karatu a Gilasgo. Wani abokina ɗan ƙasar ya ba ni kyautar kilt ɗin da ya yi masa kaɗan, irin zanen ulun nan mai tattara da mazan Sikotilan ke ɗaurawa, ya ce lallai in sa ranar da za mu je kallon ƙwallo a filin Hampden. Ba ni da takalmin gargajiyarsu, but kawai gare ni, ruwan ƙasa, na Timberland. Zan iya sawa? Safa kuma a ja ta sama ko a bar ta ƙasa? Ina gudun in zama abin dariya.
Daga ɗanka a Gilasgo

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana. Sa but ɗinka hankali kwance. In ka isa Hampden ka dubi ƙafafun magoya bayan Sikotilan, waɗanda ake yi wa laƙabi da Tartan Army: jesi a sama, kilt a tsakiya, but a ƙasa, da yawansu ma irin naka ne sak. Haka suka cika titunan Munik a watan Yunin 2024, ranar da Jamus ta lallasa su 5-1 a wasan buɗe gasar Turai. Abin kuma ya girmi ƙwallo. Sojojin tsaunukan Sikotilan da kilt da but suka shiga ramukan Yaƙin Duniya na Ɗaya, sai wajen 1940 aka daina zuwa fagen fama da kilt.

Takalmin da kake jin ba ka da shi sunansa ghillie brogues, marar harshe, mai doguwar igiya da ake naɗewa a idon sawu. Na biki ne da rawar dare, tare da baƙar kwat mai maɓallan azurfa. A filin ƙwallo ba shi da aiki, balle a ruwan saman Gilasgo.

Inda ake yin ɓaranɓarama shi ne safa, don haka bari in tsaya a nan. Cikakken kilt yana cin yadi 8 na ulu mai kauri, ko na yau da kullum ma yakan ci yadi 5. Kaya ne mai nauyi da faɗi. But shi ma ƙato ne. Tsakaninsu kuwa ƙwaurinka ne tsirara. In ka sa siririyar safar ofis, ko gajeriyar nan ta 'yan motsa jiki da ke ɓacewa cikin takalmi, sai ka fito kamar zalɓe ya ari takalmin soja. Safa mai kauri ta ulu ita ke cike wannan giɓin. Ka nemi doguwar safar kilt, ko ta masu hawan dutse.

Hanya biyu ce. Ta farko ka tura safar ƙasa ta taru a bakin but, ta leƙo kamar faɗin tafin hannu. Kar ka nannaɗe ta kamar gammo, kar kuma ka ninke ta da kyau kamar ɗan firamare. Tura ta kawai ta yamutse da kanta. Wannan ce shigar 'yan kallon ƙwallo, kuma ita na zaɓar maka. Ta biyu ka ja ta sama ka karya bakinta kamar yatsa uku ƙasa da ƙoƙon gwiwa. Ita ce ta ranar sanyi, ko in za ku shiga tsaunuka da bazara, inda ƙananan ƙwarin nan masu cizo da kaska ke jiran fatar da aka bari a buɗe. Abin da ba na so shi ne safa ta tsaya a tsakiyar sha-raɓa, ba ta hau ba ba ta sauka ba. Duk wanda ya gani zai ɗauka zamewa ta yi.

'Yan ƙyallayen nan biyu da ke leƙowa daga bakin safa, jikin robar da ke riƙe ta suke. In safa tana ƙasa, bar su a gida. In tana sama kana iya sawa, ko da yake da but ni na fi son roba zalla a ɓoye.

Launi kuma, guji fara fat. Masu ba da hayar kayan biki ne suka yayata ta, kuma kafin a tafi hutun rabin lokaci ta sha taɓo. Dubi zanen kilt ɗinka ka ɗauki launi ɗaya marar ƙarfi daga ciki. In zanen da ake kira Black Watch ne mai shuɗi da kore da baƙi, toka-toka mai duhu ko kore mai duhu zai hau. But ɗinka ruwan ƙasa ne, to bel da jakar gaban da suke kira sporran su ma su bi shi, ta fata zalla marar gashi. Jakar ba ado kaɗai ba ce: kilt ba shi da aljihu, nan waya da tikiti za su shiga. Wanda ke da baƙin but na Dr. Martens mai huda takwas shi ma ya tsira, sai dai ya haɗa da baƙar jaka. But mai tsawo har gwiwa kam a'a, yana haɗiye ƙafa gaba ɗaya.

Tunda kilt ɗin ba a jikinka aka auna ba, gwada shi tun kafin ranar. Tattarar a baya take, ba a gaba ba, wannan kuskuren shi ne zai sa a yi maka dariyar da kake gudu. Ana ɗaura shi daidai cibiya, sama da inda wando ke zama, bakinsa ya sauka a saman ƙoƙon gwiwa ko tsakiyarsa. In ya wuce gwiwa, ga but ga safa a tare, sai ka koma guntu. Ka kuma sa gajeren wando a ciki, kar ka biye wa masu cewa ɗan asali ba ya sawa. Iskar Gilasgo ba ta da kunya.

Ƙaramar wuƙar da ake sokewa a safa, sgian-dubh, dokar Sikotilan ta yi mata uzuri in tana cikin kayan gargajiya, amma masu gadin filin wasa ba za su bar ka ka shiga da ita ba. Ga safa a ƙasa ma, ina za ka soke ta?