Ka sayi katako da ƙusa tun yanzu, amma ka ware kuɗin kalli

Wani ɗan'uwa mai sarin kifi daga Maiwurno, wani gari a bakin Nilu a ƙasar Sudan, ya aiko yana cewa ya ɗauki sanduƙ, wato adashi, yana so ya ƙera ɗan kwale-kwale a tsakar gida ya ba ƙaninsa ya riƙa su, shi kuma ya huta da sayen kifi a hannun wasu. Kuɗin ba su da yawa. Ta ina zai fara?

Malam, Allah ya sa albarka. Abu na farko, kada kuɗin nan su daɗe a hannunka. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 fam ɗin Sudan ke zubewa, abin da zai sayi ƙusa yau ba lalle ya saye ta wata mai zuwa ba. Mayar da su kaya: katako, ƙusa, kwalta.

A wajen katakon ne mutane ke cutar kansu. Bagaruwa, wadda Larabawa ke kira sunut, da ita aka saba ƙera jirage a bakin Nilu, don tana da tauri, ruwa ba ya saurin cin ta. Ga ta nan a dazuzzukan da ke tsakanin Sinnar da Rusairis, sai dai yawancinsu na hukumar gandun daji ne, saboda haka sayi wajen mai takarda, kada arha ta ja a ƙwace maka kaya a hanya. Ɗanyen katako ya fi sauƙin kuɗi, amma in ka buga shi yana ɗanye zai tsuke, ya buɗe baki, ƙaninka ya wuni yana kwalfar ruwa. In ɗanyen kaɗai za ka iya, jera shi a inuwa, ka sa 'yan itatuwa tsakani, ya sha iska watanni. Bagaruwa kuma nauyi gare ta; auna ƙofar gidanka kafin ka fara, kada a gama jirgi a koma fasa katanga.

Inda za ka rage kashewa shi ne aikin hannu. Biya gwanin maƙerin jirgi ya kafa maka gindi da haƙarƙari, sauran bugu da toshe kafofi da tsumma da kwalta ku yi da kanku.

Amma ni damuwata ba jirgin ba ce. Da yawa sukan ƙarar da komai a katako, ranar da jirgi ya sauka ruwa babu kalli, wato ragar kamun kifi, babu mamari, wato doguwar igiya mai ƙugiyoyi, sai a tafi wajen babban dillali a ci bashi irin na shail, shi ke yanka wa kifinka farashi har ka gama biya. Ka ga kenan shi ka ƙera wa jirgi. Tambayi kuɗin kalli tun yau, ka saye shi tare da ƙusar, ko da jirgin zai ragu da kamu biyu.

Batun ƙaninka kuwa, ku zauna gaban dattijo ku yanke rabo: kason jirgi, kason kalli, kason mai su, da wanda zai biya in raga ta yage. A rubuta. Ku yi ƙoƙari ku gama kafin ruwa ya cika a watan Agusta, ku bar jirgin ya jiƙa 'yan kwanaki a gefe katakon ya kumbura kafin a ɗora masa kaya.