Makaroni da cuku: me ake nufi da cikawa?

Hajiya, kin ce girkin Faransanci ya ce "farci", kika yi ta fama cusa cuku cikin ƙananan makaroni, ya ƙi shiga. Kalmar na nufin ɗura abu cikin kogo, kuma sai manyan makaroni masu faɗin baki irin kaneloni ke karɓar hakan. Ƙananan da muke saya a kasuwar Garwa, miyar cukun ce ke cika su da kanta.

Ni nakan tsame makaronin da sauran taurinsa, in narka bota da cokali 2 na fulawa, sai madara kaɗan-kaɗan. Ki sauke tukunya kafin ki zuba cuku, don wuta mai ƙarfi na tsinka shi, mai ya taso sama. In akwai mai hawan jini a gida, ki tuntuɓi likita, cuku akwai gishiri.