Fad da diskin birki na motar da ke jan tirela

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce Hilux ɗinka na jan ƙaramar tirela da buhunan masara daga Kaduna zuwa Jos, birki na warin ƙuna a gangara, sitiyari kuma na rawa idan ka taka, kana neman wane fad (abin da ke matse diski idan an taka birki) da diski za ka saya.

Abokin gabarka zafi ne. Birki na tsayar da mota ne ta hanyar mayar da gudu zafi, duk kilon da ka ƙara a baya kuwa ƙarin wuta ne a kan diski. Don haka ka nemi fad mai haɗin ƙarfe, wanda ake rubuta Semi-Metallic a kwalinsa. Yana da ƙura, yana ɗan kuka, yana kuma cin diski, amma yana riƙewa idan ya yi zafi. Na siramik tsaf-tsaf ne, ba ƙara, sai dai na motar zuwa ofis ne. Ba zan ba mai jan kaya shawararsa ba. Mai laushin nan mai arha kam ka bar musu kayansu.

Idan ka je Oriapata ko Panteka, kada kyan kwali ya ruɗe ka, jabu ma kwalinsa na da kyau. Fito da fad ɗin ka duba gefensa ko bayansa. Da yawa suna ɗauke da haruffa biyu, kamar EE, FF ko GG. Na farko ƙarfin kamunsa ne kafin ya yi zafi, na biyu bayan ya yi. FF ya wadatar, FG ko GG ya fi. Ka guji FE, wato mai sakewa da zarar ya gasu. Ka tafi da lambar shasi, domin Hilux ba duka girman birkinsu ɗaya ba.

Diski kuma ka ɗauki mai nauyi, mai ramukan iska a tsakaninsa, fuskarsa sumul ko mai tsaga-tsaga. Mai huje-hujen nan na ado tsagewa yake yi daga bakin hujin idan ana gasa shi kullum. Na kan motar yanzu, a jikinsa akwai rubutun MIN TH da adadi a milimita, wato mafi ƙarancin kaurinsa; a auna, in ya kai wurin, ya gama aiki. Kai shi a fere bai ƙara masa komai ba, siranta shi aka yi, siririn diski kuwa ya fi saurin ɗaukar zafi. Ana canza su biyu-biyu, dama da hagu, fad kuma idan namansa saura milimita 3.

Rawar sitiyarin nan sau da yawa daga wajen ɗauri take. A goge tsatsar mazaunin diski tas, a ɗaure notinan taya a gicciye daidai awon kamfani, ba yaron gareji ya hau sifana yana tsalle ba. A zare fil-fil ɗin kalifa, wato gidan da ke riƙe fad, a shafa musu giris na silikon, don giris na yau da kullum na kumbura robarsu. Kada a manta da baya, mafi yawan Hilux durom ne, in shu, wato fad ɗin cikin durom, bai da saiti gaba ke ɗaukar wahalar duka.

Man birki ma na tafasa. Sabon mai nau'in DOT 4 na jure digiri 230, amma idan ya sha danshi sai ya sauko wajen 155, nan ne feda ke nutsewa har ƙasa. A zubar a sa sabo duk shekara 2, daga gorar da ba a taɓa buɗewa ba. DOT 5 ba ya haɗuwa da shi.

Bayan an ɗaura, cire tirela, ka sami hanya marar cunkoso don sabon fad ya zauna a kan diski. Daga gudun kilomita 60 ka taka da ƙarfi zuwa 10, sau 8 zuwa 10, ba tare da ka tsaya cak ba, sannan ka yi tafiyar minti 10 ya huce.

Sai tirelar kanta. In ita da kayanta sun haura kilo 750, wato buhu bakwai zuwa takwas masu kilo 100 tun kafin a lissafa ƙarfenta, tana buƙatar birkinta, babu fad ɗin da zai maye gurbinsa. A saukowar Hawan Kibo kuma ka sa giya ta 2 tun daga sama, ka taka ka saki, kada ƙafarka ta kwanta a kan feda.