Wacce Zan Ce Masa Ya Saya, Maigida?

Kai yaro, tambayar da ka yi mini jiya muna rufe shago ta hana ni barci, kuma ba don wuyarta ba. Ka ce, "Maigida, in mutum ya zo neman bindiga samfurin AR-15, ga ta yau da kullum ga kuma wadda aka ƙara wa kaya, wacce zan ce masa ya ɗauka?" Na yi maka shiru don raina ya ɓaci. Ba kai ka ɓata shi ba, wani mutum ka tuna mini da shi. Zauna ka ji.

Ba zan ɓata bakina a kan duba takardun izinin mai saye ba, ko cire gidan harsasai da leƙa ɗakin harsashi kafin a taɓa komai. In har yau sai an faɗa maka wannan, tattara kayanka ka nemi wata sana'a.

Shekarun baya, kafin ka san hanyar shagon nan, wani ya shigo mini. Fes da shi, ga ƙamshi, ga ladabi, Baba kaza Baba kaza. Ya san sunan kowane ƙarfe, har na ce a raina yau na samu wanda za mu yi hira. Ya wuce ta yau da kullum ko kallo bai yi mata ba, ya ɗauki mai tsadar, wadda ni da hannuna na duba sakatarta, wato ƙarfen da ke tura harsashi cikin ɗaki ya kulle shi sannan ya fizgo kwanso bayan harbi, ranar da ta iso, na ga tambarin gwaji a jikinta, na ga sukurori biyun nan na makullin iska, ɗan ƙarfen da ke karɓar iskar harbi ya tura sakata baya, an danne su yadda ya kamata don kada su warware. Ya biya bai nemi ragi ba. Tun a nan ya kamata in tsargu, don wanda ya san kaya haka ba ya biya babu ciniki.

Kwana tara sai ga shi da akwatin. Wai uwargida ta tayar da hankali a kan kuɗin, ko harsashi ɗaya bai harba ba, in taimaka masa don Allah. Na buɗe akwati, ga ta nan kwance kamar yadda ta tafi. Na ɗaga bututun na haska, tas. Na duba lambar da ke jikin gangar ƙasa, ɓangaren da kunama take, ita ce. Abu ɗaya ya rage, in tura fil ɗin baya in buɗe ta in zaro sakata, aikin da ba ya kai ƙiftawar ido biyar. Ban yi ba. Kunya ce ta kama ni, mutum yana tsaye yana ce maka Baba, kai kuma kana binciken kayansa kamar ɓarawo. Na cire ɗan abin da na cire na ba shi kuɗinsa, har da rakiya bakin ƙofa.

Bayan wata guda na sayar da ita ga wani dattijo mai gasar harbin allo, abokin cinikina na shekara 14. Mutum ne da in ya ce wa 'yan ƙungiyarsu ku je wurin wane, to za su zo. Rabin waɗanda nake gyara wa bindiga a lokacin ta hannunsa suka biyo. Ni na ce masa ya ɗauke ta, na ce na duba ta da kaina. Ka ji fa, da bakina na faɗa.

Ranar gasa ta fara yi masa gardama. Ta harba ɗaya, sakata ta koma baya rabi ta kasa ɗauko na biyu. Ya ja da hannu ya ci gaba, ta sake. Kafin a tashi ta ƙi gaba ɗaya, a gaban jama'arsa. Washegari ya shigo, bai ɗaga murya ba, da ma ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya buɗe wani ƙyalle a kan teburin nan da kake jingina da shi, ya shimfiɗa sakatar. Sukurorin makullin iska sun warware har ina juya su da yatsa, babu ko alamar an taɓa danne su. Ɗaya daga cikin haƙoran sakatar, na kusa da ƙugiyar da ke fizgo kwanso, ya tsage. Na juya ta na sake juyawa ina neman tambarin gwajin da na gani da idona, babu. Ba sakatar da na sayar ba ce. Mutumin kirkin nan ya kai bindiga gida, ya zare mai kyau ya saka a tasa, ya cusa mini tarkacen da ya tsinto a araha, ya goge ya dawo da ita.

Dattijon ya dube ni ya ce, "Ka ce ka duba." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Na canza masa sakata kyauta, na mayar masa da kuɗin shiga gasar, na yi rantsuwa har na gaji. Ya karɓa ya yi godiya, bai sake takowa nan ba, kuma mutanensa suka janye ɗaya bayan ɗaya. Shi kuwa macucin da na same shi, ido cikin ido ya ce in kawo shaida. Ina shaida? Lamba tana jikin gangar ƙasa, sakata ba ta da lambar da za ka ce taka ce. Har gobe in na tuna yadda na raka shi ƙofa ina sa masa albarka sai in ji wuyana ya yi zafi. Shi ya sa kake gani duk sakatar da ta shigo shagon nan sai na yi mata 'yar alamata a inda ni kaɗai na sani, kuma kayan da ya fita ya dawo, ko na ƙanina ne, sai an buɗe shi a gabansa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake.

To, ga amsar tambayarka. In an ce maka wannan ta fi waccan, ka fara da tambayar a ina ta fi ta. Kamfanoni da yawa abin da suke kira ƙarin inganci fenti ne mai launin ƙasa, da gindi mai ado, da mariƙi mai ramuka, cikin kuwa duk ɗaya ne da na mai arahar, wani lokacin ma ya fi shi muni. Kyan ɗan maciji ke nan. Kuɗin kirki a wuri biyu yake tafiya, sakata da bututu. Sakatar da sojan Amurka ke karɓa da ƙarfen Carpenter 158 ake yin ta, a harba mata harsashin gwaji mai matsi fiye da ƙima, sannan a bi ta da maganaɗisu da garin ƙarfe don a gano tsagar da ido ba ya gani. In mai arahar tana da wannan, mai tsadar kuma ba ta da shi, to mai arahar ce babba, ko da an yi wa ɗayar ado da zinariya.

Ku 'yan yanzu kun ɗauka wannan surutun tsofaffi ne. Eugene Stoner ya zana bindigar nan a kamfanin ArmaLite, Colt suka sayi haƙƙinta a 1959, soja suka sa mata suna M16. Da aka kai ta yaƙin Biyetnam sai ta riƙa cijewa a hannun sojoji ana tsakiyar wuta, kwanso ya maƙale a ɗaki, mutum ya koma zura sanda ta baki yana bugo shi. Zanen bai canza ba. An canza albarushi zuwa wani mai yawan datti da ke sa ta gudu fiye da yadda aka tsara, ba a shafe ɗakin harsashi da kurom ba ga ƙasa mai laima, kuma aka raba ta babu isassun kayan gogewa. Sai da majalisar dokokin Amurka ta kafa kwamitin bincike a 1967. Duk abin da ya jawo wannan bala'i, babu ɗaya da za ka gani in bindigar tana rataye a bango.

Bututu kuma, ka karanta abin da aka buga a jikinsa, don na lura ba ka karantawa. In an rubuta 5.56, zai ci harsashin 5.56 ya ci na .223 Remington. In .223 kaɗai aka rubuta, kada ka bari mai saye ya fita yana zaton duk ɗaya ne, domin maƙogwaron ɗakin ya fi gajarta kuma harsashin soja zai tayar da matsi. Sai murɗin zanen cikin bututu, wanda ke sa harsashi ya fita yana juyawa. Na M16 ta da, zagaye ɗaya ne cikin inci 12, ya dace da harsashi mara nauyi. Da aka zo M16A2 aka mayar da shi ɗaya cikin inci 7 saboda dogayen harsasai. A kasuwa za ka ga na 7, na 8, na 9. Wanda zai riƙa harba harsashin araha a filin koyo, kowanne ya ishe shi. Mai gasa da ke son harsashi mai nauyi don nisa, kada ka ba shi na 9 ya dawo yana zagina. Shafin kurom yana sa bututu ya daɗe ya jure tsatsa, amma masu neman harsashi ya bi ramin ɗan'uwansa sukan fi son bututun ƙarfe mara tsatsa da ba a shafa wa komai ba. Kowanne da mai shi.

Akwai ƙari biyu da nake yarda kwalliya ta biya kuɗin sabulu, ga wanda ya kai. Na farko mariƙin gaba da ba ya taɓa bututu, a jikin ganga kaɗai yake kama. In mutum ya ɗora bindiga a kan buhun yashi ko ya ja maɗauri da ƙarfi, mariƙin gargajiya yana danna bututu, saiti ya ɗan kauce. A kusa ba za ka lura ba, a nesa allo zai faɗa maka. Na biyu kunama. Ta yau da kullum tana da nauyi da ɗan ƙaiƙayi kamar ana jan ƙarfe a kan yashi, mai kyau kuwa tana zuwa ta tsaya, ka ƙara kaɗan ta karye tsaf. Amma sabon hannu da bai ƙone harsashi ɗari biyar ba, me zai yi da kunama mai laushi? Yatsansa ne bai da tarbiyya tukuna, kuma kunama mai sauƙi a hannun wanda bai iya ba tsoro take ba ni. In kuma bututun mai inci 16 ne, wadda ramin da ke ɗebar iskar harbi zuwa sakata yake wajen tsakiyar bututu ta fi wadda raminta ke kusa da ɗaki taushin bugu, kuma ba ta wahalar da sakata kamar ita. Wannan ƙari ne na gaske, sau da yawa ma ba ya ƙara tsada.

Sauran fa? Dogon saman nan na Picatinny da ake ɗaura madubin saiti a kai, wanda soja suka amince da shi a 1995, yau kusan kowace tana zuwa da shi, kada wani ya sayar maka da shi a matsayin gata. Gangar alminiyam 7075 ita ce daidai, ba abin alfahari ba ce. Kalmar nan da suke bugawa a kwali wai daidai da ƙa'idar soja, kowa yana iya buga ta, babu sojan da ya zo ya duba. Kuma ka riƙa gaya wa samarin da ke shigowa da waya a hannu suna nuna maka hoton da suka gani a wasan kwamfuta cewa ta farar hula ja ɗaya harsashi ɗaya ce. Duk wanda ya fara yi maka zancen a taɓa masa ita ta wuce haka, nuna masa ƙofa, kada ma ka kira ni.

Abin da ke ba ni haushi da tsaranka, kuna son bindiga ta yi kama da ta jarumi alhali ba ku iya kwance ta ku goge ba. Yaro zai zuba duk abin da ya tara a kan fitila da madubin saiti da mariƙi uku, bindiga ta yi nauyi kamar gatari, sannan ba shi da kuɗin harsashin da zai koyi harbi. Mu da muka koya, shekara biyu maigidana bai bar ni na taɓa kunamar mutane ba, gogewa kawai nake, har na iya gane sakatar da ta gaji da jin ƙararta. Kai wata bakwai kana so ka ba mutane shawara.

Saboda haka in mai saye ya tsaya a gabanka, tambaye shi me zai yi da ita, kuma sau nawa yake zuwa fili a shekara. Mafi yawansu ta yau da kullum daga kamfanin da ba ya ha'inci a sakata da bututu ta ishe su, ragowar kuɗin su sayi harsashi su biya mai koyarwa. Bindigar nan an yi ta ne gunduwa-gunduwa, duk ranar da hannunsa ya fi kunamar sai ya dawo mu canza masa. Mai gasa da ya san abin da yake nema, ba shi mai tsadar, amma ka buɗe ta a gabansa ka nuna masa abin da ya biya.

Guda biyun da suka iso shekaranjiya suna nan a akwati. Gobe da safe kafin in zo ka zaro sakatun duka, ka jera su a kan ƙyalle, ka gaya mini wacce aka danne sukurorinta da kyau, wacce aka yi wa na ganin ido. Kada ka duba takardar farashi, na riga na cire ta.