Haƙorin Innarki da Maganar Wanzami

'Yata, na ga saƙonki. Kin ce matauni ɗaya na Innarki yana girgiɗi, ita kuma ta dage a kira wanzami ya cire kamar yadda muka taso muka gani a unguwar Aboabo ta Kumasi, kina tambaya ko bin al'adar laifi ne.

Wanzamai ba abin rainawa ba ne. Su suka yi mana aski da ƙaho, su suka yi wa 'yan'uwanki kaciya. Amma wannan haƙorin kada wanzami ya taɓa shi, don Allah.

Tun da Innarki ta daina jinin al'ada ƙashinta ya fara zaizayewa, shi ya sa 'yar faɗuwar nan a bakin rijiya ta karya mata wuyan hannu. Muƙamuƙi ma ƙashi ne, shi ke riƙe da haƙora. Ƙwayar da take sha sau ɗaya a mako, alendronate, wadda ake haɗiya da sassafe kafin karin kumallo a zauna minti 30 ba kwanciya, tana hana ƙashi lalacewa da sauri. Sai dai tana rage masa saurin sabunta kansa. In aka fizge haƙori, wani lokaci ramin ya ƙi rufewa, ƙashin ya fito fili yana ruɓewa, ga wari ga ciwo wata da watanni. Ba kasafai yake faruwa ba ga masu shan ƙwayar, kada hankalinki ya tashi, amma ƙarfen da ba a dafa ba yana ƙara haɗarin. Wanzami kuwa bai san abin da ke jikinta ba.

Kada kuma ta ce bari ta ajiye maganin mako biyu sannan a cire. Yana zama cikin ƙashi shekaru. Ajiyewa ba da izinin likita ba tana iya ƙara haɗarin karaya, ta ƙugu kuwa ita ke kwantar da tsofaffi.

Asuwakinta ta ci gaba da shi, wannan al'adar alheri ce, ta dai daina dirzar dasashi har jini. Miyar kuka da zogale da ƙananan kifin da ake ci da ƙaya, ki yawaita mata saboda ƙashinta.

Ki kai ta ɓangaren haƙori a asibitin Komfo Anokye, ki riƙe kwalin maganin a hannu, ki nuna wa likita kafin ta buɗe baki. Ba mamaki ma haƙorin ya gyaru ba a cire ba. In ta yi gardama, ki ce ni na ce. Ranar Litinin in sha Allahu zan raka ku.