Ga 'yar uwar da ke shirin Umra da kekenta

Wa'alaikis salam 'yar uwa. Na ga tambayarki, kin ce kina son zuwa Umra, ƙafa ba ta ɗaukarki ko taku ɗaya, ejan kuma ya ce miki ba matsala, akwai keke a can. Wallahi ina kaiwa kan "ba matsala" ɗin nan gabana ya faɗi, don da ita aka yaudare ni.

Ni ma shan inna ce tun ina 'yar shekara uku. Abin da ban sani ba a lokacin, kamfanonin jirgi suna da alama uku da suke saka wa mai keke a tikiti. WCHR na wanda zai iya hawa matattakala ne, tafiya mai nisa kawai ke ba shi wuya. WCHS na wanda ba ya iya matattakala amma zai lallaɓa zuwa kujerarsa. WCHC shi ne namu, wanda sai an kai shi har kan kujera. Ejan ɗina ya saka mini ta farko. Sau uku na je ofishinsa a kan kekena, da idonsa ya ga yadda ƙanena yake ɗaga ni daga mota!

A inda muka yada zango jirgin bai tsaya jikin gini ba, can tsakiyar fili ya tsaya aka kawo matattakala. Kowa ya fita. Masu shara suka shigo suna aikinsu suna satar kallona. Ba a turo motar nan mai ɗaga mutum zuwa ƙofar jirgi ba, tunda takarda ta ce ina iya sauka da ƙafata. Ƙarshe ƙanena da wani ma'aikaci suka kinkime ni kamar buhun masara, hijabina na zamewa, mutane cike da bas suna jira suna kallo. Ban yi kuka a nan ba, sai da na shiga banɗaki. Da muka isa Saudiyya kuma kekena ya fito taya ɗaya a lanƙwashe, madogarar ƙafa babu. Gajiya ta sa na wuce ban kai ƙara ba, ashe tun kafin a bar filin jirgin ake cike takardar ɓarnar kaya, kuma kwana 7 kawai gare ki ki rubuta musu koke. Da na dawo na sami ejan ɗin, kin san me ya ce? Wai Hajiya ai ibada sai da wahala. Yana faɗa yana danna waya. Na bar shi da Allah, amma har yau in na wuce layin ofishinsa raina ɓaci yake.

Don haka ki kira kamfanin jirgin da kanki, aƙalla awa 48 kafin tashi, ni dai na ce tun mako guda. Su turo miki a rubuce ki ga WCHC da idonki, zuwa da dawowa, har da jirgin da za ki canja in akwai. In da hali ma ki nemi wanda zai tashi kai tsaye zuwa Jidda ko Madina ko da ya fi tsada.

Kuma kada ki bar kekenki a gida. Na haya bai san bayanki ba. Ki ce za ki zauna a naki har ƙofar jirgi, ki ɗauke shi hoto ta kowane gefe, ki cire matashin zama da madogarar ƙafa ki shiga da su ciki. In mai batir ne ki faɗa musu irinsa tun wuri, na litiyam da ake cirewa a hannu ake shiga da shi, kuma akwai iyakar ƙarfin da suke yarda da shi.

Maganinki ya kasance cikin kwalinsa tare da takardar likita. Saudiyya ba ta wasa da irin su tiramadol, ko da don ciwon baya kike sha.

Masauki kuwa, kada ki ji an ce kusa da Harami ki saki jiki. Makka garin duwatsu ce, kusan nasu yana iya zama hawan tudu da mai tura ki zai yi sau biyar a rana. Ki sa a ɗauko miki bidiyon ƙofar shiga, da lif, da faɗin ƙofar banɗaki. Nawa keken bai shiga banɗakin ba, kwana goma da jan gindi nake shiga.

Amma cikin Haramin, Allah Ya saka musu. Ɗawafin masu keke a sama ake yi, ya fi tsawo amma ba turereniya, Safa da Marwa ma akwai layinmu daban a tsakiya. Sa'ayin ya kai wajen kilomita uku, saboda haka ki tausaya wa mai tura ki, ko ki kama 'yar motar lantarkin da ake haya. A nan ne na zauna ina tunanin gida, an sa hannu a dokar masu buƙata ta musamman tun 2019, amma masallacin unguwarmu da aka gina bayan nan matattakala biyar gare shi. To, bari in bar wannan.

Ziyarar Rauda a masallacin Annabi da ke Madina sai kin kama lokaci a manhajar Nusuk, ki yi da wuri. Wa zai raka ki ne? Ya iya ɗaga ki shi kaɗai? Ki faɗa mini, da kuma irin keken naki.