Mataimakan Shugabannin Amurka na Farko da Rikicin Bauta

Tambaya: Malam, na sha jin ana cewa a farkon tarihin Amurka mataimakin shugaban ƙasa ba shi da ta cewa a harkar mulki. Shin haka ne, kuma ko waɗanda suka riƙe muƙamin suna da hannu a rikicin bautar da ya raba ƙasar?

Amsa: Gaskiya ne tsarin mulkin 1787 bai ba mataimaki aiki mai yawa ba, in ban da shugabantar zaman Majalisar Dattawa, da kaɗa ƙuri'a idan aka yi kunnen doki, da jiran ko-ta-kwana. Amma a ganina kuskure ne a raina kujerar, domin jam'iyyu sun mayar da ita abin lallashi tsakanin Arewa, inda aka yi ta soke bauta, da Kudu, wadda arzikinta na auduga ya dogara kan gumin bayi.

John Calhoun na jihar Karolina ta Kudu ya yi mataimaki ga shugabanni biyu, John Quincy Adams da Andrew Jackson, sannan ya ajiye muƙamin a Disambar 1832 ya koma Majalisar Dattawa. A fili, kuɗin fiton da aka ɗora wa kayan waje a 1828 ne ya haɗa shi da Jackson, domin ya ce jiha tana da ikon yin watsi da dokar tarayya. Sai dai wannan iko shi ne garkuwar da masu bayi suke nema, kuma a 1837 Calhoun ya faɗa a gaban majalisa cewa bauta alheri ce ga bawa da ubangidansa, maganar da har yau take tayar da hankalin duk mai tausayi.

Mutuwa kuma ta yi nata aikin. Shugaba William Henry Harrison ya rasu a Afrilun 1841, wata guda da rantsar da shi, sai mulki ya koma hannun mataimakinsa John Tyler, mai bayi daga Birjiniya. Tyler ya naɗa Calhoun ministan harkokin waje, ya dage sai an shigo da Teksas cikin tarayya, kuma a 1845 ta shigo a matsayin jihar da ta halatta bauta. Wannan ya share fagen yaƙi da Meziko a 1846, kuma yankunan da aka ƙwato suka ƙara rura gardamar inda za a yarda da bauta.

Na uku shi ne Millard Fillmore, ɗan Arewa, mataimakin Shugaba Zachary Taylor, wanda ya gaje shi bayan rasuwarsa a Yulin 1850. Taylor, duk da cewa yana da bayi, bai goyi bayan sulhun da ake ƙullawa a majalisa tsakanin Arewa da Kudu kan batun bauta ba, amma Fillmore ya sa masa hannu, har da dokar kamo bayin da suka gudu. Dokar ta hana wanda aka kama bayar da shaida don kare kansa, kuma jami'in da ya saurari ƙarar yana karɓar dala 10 idan ya miƙa shi ga mai da'awa, dala 5 idan ya sake shi. Wannan zalunci ya fusata 'yan Arewa da dama waɗanda a da ba ruwansu da batun, ya kuma zama ɗaya daga cikin dalilan yaƙin basasar da ya ɓarke a 1861.